Ranar da Inna Ta Kurɓi Ruwan Soda

Duk wanda ya ji karatun da nake son in yi a jami'a sai ya sake tambaya, kamar bai ji da kyau ba. Injiniyancin sinadarai? Mace? Daga Bodinga? Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya shirya. Na gaji da ba da amsa a tsaye, don da na buɗe baki sai muryata ta kama rawa, su kuwa su ɗauka su nake tsoro. Tsoro kam ina ji, amma ba nasu ba. Amsar tambayarsu tana cikin maƙogwaron Inna, mahaifiyata, wadda yau watanni ke nan lomar tuwo ba ta sauka cikinta ta zauna ba.

Shekarar da na gama sakandare ita ce shekarar da sabulu ya ɓace daga kasuwa. Ba shi kaɗai ba, har madara da sukari da kananzir. Rediyo na ta faɗin a tsuke bakin aljihu, sai ka ce namu aljihun da ma a buɗe yake. Damina ta yi gardama, gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye. 'Yan siyasa suka zo da motoci masu lasifika, suka raba atamfa, suka kaɗa ƙeya. Shugaban ƙasa ɗan jiharmu ne, ana ta cewa ai mulki yana hannun 'yan gida. To, mu dai a namu gidan da yashi muke goge kwanoni.

Baba manomi ne. Da rani yana lambun albasa a fadamar Danchadi, kullum ya dawo rigarsa ta sha laka har wuya. Inna kuwa mace ce da ba ta iya kwana da datti. Da sabulun kanti ya gagara, ba ta tsaya kuka ba, ta ce ai kafin a zo da na takarda mutane na wanka. Ta iya sabulun toka, a Lambara ta koya wurin mahaifiyarta tun tana yarinya. Ana ƙona karan gero, a zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, a kwarara ruwa a kai, a tara wata tukunya a ƙasa tana karɓar abin da ke ɗiga. Ruwan farko ja ne kamar shayi mai kauri, shi ne mai ƙarfi. Yana ta yin haske yana raguwa, har ya koma fari, wannan kam ko miya ba zai gyara ba. Da ido ake fara gane ƙarfin ruwan toka, sa'an nan da harshe. Inna takan ɗiba a ludayi ta ɗanɗana. In ya ciji harshe, ya isa a zuba masa kitse ko man gyaɗa a ɗora a wuta. In bai ciji ba, a ƙara tafasa shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, ba wadda harshenta ya taɓa faɗuwa.

Sai dai a shekarar nan wa zai ƙona kara? Dabbobi na mutuwa da yunwa, karan da ya rage abincinsu ne. Toka ma ta zama abin nema.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ita ta tafi kasuwar Shagari kai kuɓewa busasshiya, ta dawo da wani abu ƙulle a leda, fari, ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar an fasa gishiri. Daga baya ta gaya mini abin da mai sayarwa ya ce mata. Ya ce sunansa soda, tokar Bature ce, duk abin da ruwan toka ke yi ita ma tana yi, sai dai ita ba ta ɓata lokaci. A jiƙa ta a ruwa, a zuba mai, a gauraya, shi ke nan. Iyakar bayanin da aka haɗo ta da shi ke nan. Tokar Bature.

Ni ban ga ledar ba. Da hantsi ina rijiyar bayan gida ina jan ruwa, su kuma suna tsakar gida. Gwaggo ta ce da suka juye abin a ruwa, robar ta yi zafi da kanta ba wuta, har suka yi dariya suna cewa Bature da abin mamaki yake. Suka bar shi ya huce. Da ya kwanta sai ya koma garau, fari tas kamar ruwan randa. Inna ta leƙa ta ce:

"An cuce ki. Wanga ai ruwan ƙarshe ne, ba shi da ƙarhi ko kaɗan. Dubi hwa, ko ja bai yi ba."

Da ja ya yi, da bakin harshe kawai za ta sa. Da yake ta gan shi fari, ta yanke cewa lami ne, sai ta cika ludayi ta kurɓa sosai don ta ji ko akwai ɗan abin kirki a ciki. Ta haɗiye.

Ina ɗauke da bokiti a ka na ji wani sauti daga cikin gida. Ba kuka ba ne, ba ihu ba ne, na ɗauka akuya ce igiya ta shaƙe. Na shigo na tarar da Inna a durƙushe, hannu biyu a wuya, miyau na zuba kamar igiya, leɓɓanta sun yi fari suna kumbura ina kallo. Gwaggo na salati tana zagaya ta. Na ga ledar a ƙasa da ragowar abin, na taɓa ruwan robar da yatsa na ji santsi. Na san shi. A makaranta yana cikin kwalba mai murfi, a kabad mai kwaɗo, malaminmu na kimiyya da cokali yake ɗiba, kuma sai ya kore mu baya tukuna. Na san sunansa na boko, na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Ga shi a tsakar gidanmu a robar wanki, kusa da turmi.

Maƙwabta suka cika gidan. Wannan ta ce manja, waccan ta ce nono, wata ta ruga ta tsinko lemon tsami. Ni abin da na tuna kawai shi ne ruwa, ruwa da yawa, na yi ta wanke mata baki da na bokitin da na shigo da shi. Gwaggo ta ɗura mata manja, ta zura mata yatsa don ta amayar, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ci guba. Ta amayar ɗin. Likita ya gaya mana daga baya cewa abin ya ƙona hanya da zai shiga, ya sake ƙona ta da zai fita. Ban ga laifin Gwaggo ba, har gobe ba ni gani. Abin da ta sani ta yi, don ta ceci matar wanta.

Aka aika Danchadi aka kira Baba. Ya zo da laka a ƙafa, ko takalmi babu. Wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gawayi ta yarda ta kai mu Sakkwato. Na zauna a baya na rungume kan Inna a cinyata, duk ramin da motar ta faɗa sai ta matse mini hannu. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cika kallona ido cikin ido ba ma. Ranar nan ta kafe ni da ido tun daga Bodinga har ƙofar asibiti. Wannan kallon shi ke tashe ni daga barci.

Ta yi makonni a kwance ana ƙara mata ruwa ta jijiya. Bakin ya saɓule ya warke. Muka dawo gida, 'yan barka suka yi ta shigowa, aka yi sadakar waina. Ta fara shan kunu, ta koma fura, har ta ɗan taɓa ɗanwake. Muka ce an tsallake. Ashe ƙunar ciki in tana warkewa tsukewa take yi, kamar yadda tabon wuta ke jan fata. Sannu a hankali tuwo ya fara tsaya mata a ƙirji. Sai fura ta tsaya. Aka wayi gari ba abin da ke wucewa sai kunu tsararo wanda na tace da ƙyalle. Matar da ke ɗaga turmi ita kaɗai, yanzu zane sai ta naɗa shi ya zagaya ya sake zagayawa. Lokaci lokaci muna komawa Sakkwato, su zura mata wata sandar roba ta baki su buɗa hanyar. Ni nake riƙe mata ƙafafu. Takan samu sauƙi kwana kaɗan, hanyar ta sake rufewa.

Masu zuwa gaisuwa kowa da kalma ɗaya: ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma ƙaddara ba ita ta ɗebo abin nan daga buhu ta ƙulla a leda ba ko alama ba. Na matsa wa Baba sai ya kai ni kasuwar Shagari na ga mutumin. Ya ce me zan yi masa? Na ce ni ma ban sani ba, amma in ban gan shi ba zuciyata za ta fashe. Ya gaji ya kai ni.

Na tafi da zagi cike da bakina. Na tarar da dattijo a rumfar zana, yana sayar da kanwa da alif da shuni, buhun sodar a gefe a buɗe, gwangwanin madara a ciki na awo. Baba ya yi masa sallama ya gaya masa abin da ya faru. Mutumin ya dafe kai yana inna lillahi.

"Sha ta yi? Subhanallahi! Maigida, wa ka shan abin wanki?"

Na ce, "Kai kac ce toka ce! Ruwan toka ba ɗanɗana shi akai ba? Uwarka ba ta ɗanɗana?"

Baba ya ce, "Ke! Sa'an ubanki ne."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya ce, "Bar ta, maigida, ɗiya ce, uwatta ta kwanta." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, haka wanda ya kawo man ita yac ce. Ni mi na sani? Dubi nan." Ya buɗe tafukansa. Fatar yatsunsa duk ta ɗaye, ta tsattsage, faratan sun cinye har nama. Ya ce yana tsammanin sanyi ne ya kama shi, har yana shafa man shanu.

Na durƙusa na juya buhun. Akwai rubutu a jiki, da Turanci da wani harshen da ban sani ba, da ɗan hoton hannu abu na ɗiga a kansa yana cinye shi. An rubuta komai: kada ya taɓa fata, kada ya shiga ido, in an haɗiya kada a sa mutum amai. Kada a sa mutum amai! Yana nan a rubuce, a rumfar mutumin da ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, an juya rubutun yana kallon zana. Daga wata ƙasa buhun ya tsallako teku, ya ratsa hannu nawa ban sani ba, ba wanda ya tsaya ya ce wa zai buɗe shi a ƙarshe, da wane harshe yake magana, yaya matan garin suke gwada abin wankinsu. Na miƙe da zagina a baki ban sami wanda zan zuba wa ba. Muna tsaye wata mata ta zo ta sayi gwangwani guda, da goyo a bayanta. Na bi ta ina yi mata bayani har ta fara sauri, tana waiwaye, ta ɗauka taɓin hankali gare ni.

A motar dawowa ne na tuna maganar malaminmu. Ya taɓa ce mana sanin abin da ke cikin kwalba daban, sanin yadda za a yi shi buhu dubu daban. Masu karatun na biyun su ke tsara tukwanen ƙarfe manya kamar rumbu inda ake dafa sabulun gari guda, su ke raba kananzir da fetur a matatar mai, su ke haɗa takin zamani, su ke ƙona dutse ya zama siminti. A lokacin na ji shi kamar tatsuniya. Ranar nan na gane cewa duk abin da ya ɓace mana a kasuwa, abin da irin mutanen nan ke yi ne, kuma ba mu da su, ko kuwa ba su isa ba. Ƙasa mai gyaɗa da auduga da kitsen shanu, a ce sai jirgin ruwa ya iso za mu yi wanka! Ran da jirgin ya daina zuwa, sai a turo wa uwayenmu ɗanyen abin su dafa da kansu a tsakar gida, ba safar hannu, ba ma'auni, sai harshe. Sojoji sun karɓi mulki a ƙarshen shekarar, aka koma bin layi da bulala, sabulun dai bai dawo ba.

Da sakamakon jarrabawa ya fito da kyau, kuma aka ce na sami gurbin share fagen shiga jami'a a Zariya, Baba ya kira ni zaure. Shi makarantar koyon jinya yake so, nan Sakkwato.

"Ga ta kusa," in ji shi. "Kin ga halin da uwakki ke ciki. Ki koyi abin da za ki taimake ta. Wanga injiniya, ƙarƙashin mota za ki shiga ko mi?"

Na ce, "Baba, ba na mota ba ne. Na masu yin sabulu da taki da kananzir ne."

"Sabulu! Shekara nawa a jami'a don sabulu? Uwakki ba ta shiga aji ba tana yi nai."

"Ga inda ya kai ta."

Ban taɓa mayar wa Baba magana haka ba. Ni kaina na tsorata da bakina, amma na kasa tsayawa. Na ce masu jinya mutanen kirki ne, na gani da idona, amma su sai abu ya riga ya ƙone ake kai musu. Na riƙe ƙafafun Inna na ga iyakar abin da za su iya. Ni can gaba nake son in tsaya, inda ake yin abin, inda ake yanke ƙarfinsa, da irin mazubin da za a sa shi, da abin da za a rubuta a jiki. In akwai wadda ta tashi a gidan da ake ɗanɗana ruwan toka zaune a wurin, ba za ta bari farin ruwa mai kisa ya fita kasuwa da sunan toka ba. Ko launi ta sa masa. Ko da ajami ta rubuta. In kuwa sabulun kansa ya wadata, wace mace za ta nemi soda? Na ce ko takin da yake bin layi a kansa yana zuwa bayan albasa ta wuce lokacin sa, wa yake tsammani ke yin sa, aljanu?

Ya daɗe yana murza gemu. Sa'an nan ya ce, "Na ji. Amma ke ka tace mata kunu, ke ka raka ta asibiti. Gwaggonki tun ranar nan hannunta bai daina rawa ba. Ba ni hana ki karatu. Ran da uwakki ta ci tuwo, ki tahi. In ba ta ci ba, kina nan."

Ban iya cewa bai yi gaskiya ba, shi ya fi ba ni haushi. Zauren namu ba shi da nisa da ɗakin Inna, kuma kunnenta lafiya lau yake.

Ran Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko masallaci, Inna ta ce a yi tuwon gero mai laushi da miyar kuɓewa ɗanya, a bar ta da yauƙi sosai. Na ɗauka kwaɗayin ƙamshi take. Aka kai wa Baba nasa ƙarƙashin rumfa. Sai ga Inna ta fito da ɗan akushi a hannu, tana bin bango, ta zo ta zauna a bakin tabarmarsa. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin ta ci ko gyaɗa a gaban Baba ba. Shi ma ya saki baki.

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Yau dai na ji ina son tuwo."

Ta gutsuro kaɗan, ta mulmula, ta dulmiya a miya, ta sa a baki. Na ga wuyanta ya motsa. Ta sake. Ta sake. Gumi na tsattsafo mata a goshi, tana murmushi. Gwaggo ta fashe da kuka tana hamdala. Baba ya ajiye lomarsa ya ɗaga hannu sama, ya ce Allah mun gode, ya ce da ni, "To, ɗiyata, alkawari kaya ne. Ki shirya."

Inna ta miƙe a hankali ta ce za ta wanke hannu. Buta na nan kusa da ita, amma ta wuce ta, ta nufi bayan rumbu. Na bi ta.

Na same ta ta dafa rumbun da hannu ɗaya, tana dawo da shi. Loma uku, yadda ta mulmula su, ko narkewa ba su yi ba. A ƙirji suka tsaya mata duk tsawon addu'ar Baba, ta riƙe su tana murmushi. Da ta gama ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ta jingina tana haki. Na buɗe baki zan kira Baba, ta damƙe mini hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ke wagga, rufe man baki."

"Inna, bai wuce ba."

"Na ce ya wuce? Cewa ubanki yay yi in ci. Na ci, kowa ya gani."

"Wa zai tace miki kunu?"

"Gwaggonki. In hannunta na rawa, kunun ya hi tacuwa." Ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Zamanki nan ba shi buɗe man wuya. In Allah ya buɗe, ya buɗe. Ki tahi ki koyo abin da kike ta yi ma ubanki ihu a kai. Kuma ɗebo man ruwa, bakina ɗaci."

Na ɗebo mata. Ta kurkure ta zubar, ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma tsakar gida tana amsa barka.

Akwatina na nan a ɗaure, jibi motar Zariya. Baba ya sayar da buhun albasa ya saya mini takalmi, yana gaya wa abokansa a masallaci cewa maiɗakinsa ta warke. Yau da safe na nuna wa Gwaggo ƙyallen da nake tace kunun da shi, na ce ta riƙa ninka shi biyu, kada ta bar ko ƙwayar tsaki ta wuce. Ta dube ni ta ce, mai cin tuwo kuma me za ta yi da tataccen kunu? Na ce ta dai riƙa ninkawa.